Saƙon ya shiga, amma wayar wa?

Tambayar da ta fi ba ni wuya a duk fafutikar buga maƙalata ba ta wuce layi biyu ba. Wani mai bita ne, cikin masanan da mujalla ke ba maƙala su tantance kafin a buga, ya rubuto ta da Turanci, mutumin da ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba: kin ce saƙonninku sun isa ga iyaye mata, to wayar ta wa ce, kuma wa ya karanta saƙon? A tsakar gida na karanta ta cikin dare, tsakiyar bazara, an ɗauke wuta, kowa ya fito da tabarmarsa saboda ɗaki ba ya shiguwa. Gabana ya faɗi, domin na san amsar sarai tun ina cikin aikin, amma ban rubuta ta ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Na yi shekaru a ɓangaren rigakafi kafin in koma karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, kuma abin da ya mayar da ni aji abu ne da nake gani kowane mako. Uwa za ta kawo jariri a yi masa allurar ranar haihuwa, ta dawo ta sati shida, daga nan shiru. Ta sati goma da ta sati sha huɗu su wuce, balle ta ƙyanda da ake yi a wata tara. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 ne kawai na yaran Sakkwato 'yan wata 12 zuwa 23 suka samu dukkan alluran farko, alhali a Anambra kashi 76 ne. Ranar da na fara ganin wannan adadi ban iya cin abinci ba, saboda na san fuskokin da ke bayansa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan amfani da fasahar zamani a harkar lafiya, kuma tura wa iyaye saƙon tunatarwa ta waya yana cikin abubuwan da ta amince da su, da sharaɗin a kula da sirrin mutane. Sai na ce bari in gwada a nan gida: mu riƙa tura saƙon tes da Hausa kafin ranar allura, mu ga ko zai ƙara yawan masu dawowa.

Kafin in taɓa lambar kowa sai da na bi ta kwamitin ɗa'ar bincike. Masu ƙorafi kan jinkirin wannan mataki suna da yawa, ni ma na jira, amma ba na cikin masu ganin ɓata lokaci ne. Duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, ya san dalilin da ya sa mutanenmu ke ɗari-ɗari da duk mai zuwa da takarda da biro yana cewa bincike. Tun 2007 Najeriya ke da ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa, kuma a kanta kwamitin ya auna ni. Suka ce in fassara takardar neman yarda zuwa Hausa, in ba wani daban ya mayar da ita Turanci don a ga ko ma'ana ta zame. Wadda ba ta rubutu za ta dangwala yatsa a gaban shaida. Wata dattijuwa a cikinsu ta tambaye ni ko na yi tunanin mazajen matan. Na ce za mu bi ta wurin masu unguwanni a sanar da su. Ta dube ni jim, ta gyaɗa kai, ba ta ƙara cewa komai ba. Sai daga baya na fahimci inda ta dosa.

Aikin fili ya zo da nasa. Ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin da na zaɓa tun farko yana cikin ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 da aka katse wa layukan waya a watan Satumba na 2021 saboda matsalar 'yan bindiga, dole na sauya da wani kusa da gari. Wasu layukan an rufe su saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Wasu kuma masu su sun tura saƙo zuwa 2442 sun toshe tallace-tallace, sai namu ya riƙa maƙalewa tare da na 'yan talla. Har haruffanmu sai da suka ba mu aiki. Saƙon tes guda yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ɗ ko ƙ ko ɓ sai ya koma 70, kuɗin ya ninka, a wasu ƙananan wayoyi kuma harafin ya fito kamar ɗan akwati. Haka muka haƙura muka cire ƙugiyoyin, "ɗanki" ya koma "danki".

Bayanan tambayoyi da manhajar KoboToolbox muka tattara su, saboda tana aiki ko babu sabis, sai an dawo gari a tura. Amma sanin ko yaro ya dawo allura, wannan sai rajistar takarda. Manhajar DHIS2 da ake tura rahoton wata-wata a kanta jimilla take karɓa daga irin waɗannan asibitoci, ba ta san wane yaro ne ya zo ba. Saboda haka na kwashe ranaku a kan benci kusa da Hajiyar da ke kula da rigakafi a ɗaya daga cikin asibitocin, tana buɗe babban littafin nan mai baƙin bango da ya sha hannu, tana bin layi da yatsa, ina dubawa a jerin sunayena. A layi guda za ka tarar da yara uku masu suna ɗaya, uwayensu ma suna ɗaya. Ita ke rarrabe min su da unguwa da sana'ar uba. Ba don ita ba da ban samu abin rubutawa ba.

Sakamakon bai zo yadda na yi fata ba. Akwai ɗan bambanci tsakanin waɗanda aka tura wa saƙo da waɗanda ba a tura wa ba, amma bai taka kara ya karya ba. A nan na yi kuskuren da ya biyo ni har tsakar gida a daren nan. A cikin tambayoyinmu akwai wadda ke cewa, lambar nan da kika bayar ta wa ce? Galibin matan sun ce ta maigida ce, wasu ta ƙanin miji, wasu ta maƙwabci. Na ga wannan, na ji tsoron idan na fito da shi fili editoci za su ce binciken bai auna abin da ya ce zai auna ba. Sai na tura shi can ƙarshen maƙala cikin jimla ɗaya, a sashen da ake faɗin gazawar bincike. A jikin sakamako kuwa na rubuta cewa saƙonni sun isa ga iyaye mata, tunda na'urar turawa ta nuna sun shiga. Ban ƙirƙiri adadi ko ɗaya ba, amma na bar mai karatu ya fahimci abin da ba haka yake ba.

Rubutun kansa ya ci watanni. Maƙalar kimiyya tana da tsarinta da ba a tsallakewa: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, sannan tattaunawa. Farfesan da ke duba aikina ya fi son takarda da jan biro, kuma sau da yawa shafi kan dawo min ja ya fi baƙi yawa. Muka saka rubutun a manhajar da ke gano kwafe, na sake gina jimlolin da suka yi kama da na wasu. Sai maganar sunaye. Wani babba da bai taɓa ganin aikin ba ya aiko a ce in sa sunansa, kamar yadda aka saba. Farfesa ne ya tare min wannan, ya ce ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya sharuɗɗa huɗu ta gindaya, kuma dole mutum ya cika su duka: ya sa hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutu ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa sunan Hajiya ya tsaya a sashen godiya, tunda ba ta shiga rubutun Turancin ba. Har yau abin yana min ciwo.

Mujallun wannan fanni ba su da wuyar samu. JMIR da ke Kanada tun 1999 take fitowa, The Lancet Digital Health ta fara a 2019, PLOS Digital Health kuma a 2022. A nan Sakkwato ma muna da Annals of African Medicine da Sahel Medical Journal, duk da cewa su na likitanci ne gaba ɗaya. Wahalar ita ce rarrabe na gaske da na bogi. Ban san inda suka samo adireshina ba, amma kusan kullum sai na tashi da imel ana kirana babbar farfesa, ana min alkawarin bugawa cikin mako guda idan na biya. Na san abokan aiki da suka faɗa wannan rami saboda lokacin ƙarin girma ya matso, kuma ba na ganin laifinsu kaɗai, domin tsarin da ke ƙirga yawan maƙalu ba tare da karanta su ba shi ke tura mutane can. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya taɓa ajiye jerin irin waɗannan mujallu, amma ya rufe shi a farkon 2017. Abin da Farfesa ya koya min shi ne in duba ko mujallar tana cikin DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, ko ana samun maƙalunta a PubMed, rumbun maƙalun likitanci, in kuma bi sunayen editocinta in ga ko mutanen gaske ne da ke aiki a inda aka ce.

Turawa ta farko da ƙarfe biyun dare na yi ta, lokacin da intanet ke ɗan sauri. Sai da na buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, na rubuta wasiƙa ga edita, na loda maƙala daban, jadawalai daban, takardar kwamitin ɗa'a daban. Sau biyu sabis na yankewa ana dab da gamawa. Ba a yi mako biyu ba amsa ta zo: edita ya ce aikin bai dace da abin da suke nema ba, ko masu bita ba a kai wa ba. Na yi kwana biyu ban buɗe kwamfuta ba. Farfesa ya ce wannan ba komai ba ne, a gyara tsarin manazarta zuwa na wata mujallar a sake turawa.

Ta biyun ita ce ta zo da maganar kuɗi. Mujallun da ke barin kowa ya karanta kyauta, sau da yawa marubuci suke caja, kuma a wannan fanni da yawansu sun haura dala 2,000. Ga shi tun watan Yuni na 2023 da aka saki naira ta yi ta faɗuwa, har dala ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Ko da a ce ina da kuɗin, katin bankina na naira ba ya biya a waje a lokacin. Albashina na shekara bai kai abin da ake nema ba. Na rubuta takardar neman a yafe min tun ranar turawa, domin yawancin mujallu a lokacin suke son a nema, ba bayan an karɓi maƙala ba. Na faɗi gaskiya: ɗaliba ce ni, babu mai ɗaukar nauyin binciken, da kuɗin aljihuna na sayi saƙonnin. Suka yafe. Na yi sujjadar godiya a ranar.

Daga nan sai jira. Wata huɗu shafin yana nuna ana kan bita, ina leƙawa safe da yamma. Da amsa ta zo, hukuncin shi ne a yi gyara mai yawa a dawo da ita. Mai bita na farko ya fi mayar da hankali kan lissafi: yadda na ƙayyade yawan mutanen da zan ɗauka, da abin da na yi da waɗanda suka ɓace a tsakiya. Ya ce in bi jerin mERA, sharuɗɗa 16 da aka buga a mujallar BMJ a 2016 don bayar da rahoton ayyukan lafiya ta waya, inda ake son a faɗi yanayin sabis da wuta a wurin, da yadda aka gwada saƙon kafin turawa, da kuɗin da ya ci. Ya kuma tambayi dalilin da ya sa ban yi amfani da manhajar babbar waya ba. Na amsa masa cikin ladabi cewa a gidajen da muka shiga ƙaramar waya mai tocila ce ta fi yawa. Mai bita na biyu kuwa tambayoyinsa kaɗan ne, kuma a cikinsu ne waccan take.

Washegari na sami Farfesa a ofis da takardar a hannuna.

"Ranka ya daɗe, in na faɗi wannan a fili, ai maƙalar ta rushe."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Ɗiyata, mi kig gani can da idonki?"

Na faɗa masa.

"To shi za ki rubuta. Wanga mutum bai san Sakkwato ba, amma ya tambaye ki abin da ya kamata mu tambayi kanmu. Ni ma na karanta, ban tsaya a kai ba."

Na nemi ƙarin lokaci daga edita, na koma kwamitin ɗa'a na nemi izinin ƙara hira da wasu iyaye, maza da mata. Dattijuwar nan tana wurin. Da ta karanta buƙatar sai ta ce, "Yanzu kin zo."

Hirarrakin nan su ne zuciyar maƙalar da aka buga a ƙarshe. A wani gida na tarar da matar tana sussukar gero, jaririn na goye a bayanta, katinsa na rigakafi a cikin leda an soke a jikin rufin ɗaki. Na tambaye ta saƙon. Ta ce, "Wallahi Malama, ni ban taɓa ganinai ba. Wayar tana ga maigida, shi kau ya tahi cin rani tun da anka yi girbi." Wato saƙonmu na tunatarwa yana can kudu a aljihun mutumin da ba zai dawo ba sai damina ta kusa. A wani gidan wayar takan kwana biyu a shagon mai caji. Wata kuma wayar tata ce, amma ajami take karantawa, ba boko ba, sai ɗanta ya dawo makaranta yake duba mata, in ya tuna.

Wanda ya fi tsaya min a rai wani ɗan kabu-kabu ne da na samu a inuwar dogon yaro yana jiran fasinja. Ya ciro wayar, ya nemo saƙon, yana nan bai goge ba. Ya ce, "Na gani, Malama. Amma cewa anka yi 'ki kawo danki'. Sai na ɗauka ba da ni ake ba, kuskuren lamba ne." Na tsaya ina kallon rubutun da ni na tsara da hannuna. Mun rubuta wa mace, muka tura wa namiji. Kuma shi ne mai ba da izinin fita, shi ne mai ba da kuɗin mota, a nasa yanayin ma shi ne abin hawan. A gidajen da maigida ya karanta ya ɗauki abin nasa, sau da yawa shi da kansa yake kawo su asibiti.

Bayyana wannan ga mai bita sai da ya ci sakin layi guda, domin Turanci ba ya bambanta "ka" da "ki", kalma ɗaya ce ga kowa. Na rubuta masa cewa a Hausa da wuya ka umarci mutum guda ba tare da ka nuna namiji ne ko mace ba, saboda haka duk mai tsara saƙon lafiya da Hausa ya riga ya zaɓi wanda yake magana da shi, ko ya sani ko bai sani ba. Na ƙara da cewa "ku kawo" da ta haɗa su duka, ta kuma zo da girmamawa. Na cire kalmar "isa ga iyaye mata" duk inda take, na mayar da ita "shiga lambar da aka bayar". Bayanin masu wayoyin ya tashi daga ƙarshen maƙala ya dawo jadawali na farko. Takardar amsa ga masu bita, wadda ake bin kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya a faɗi abin da aka gyara da shafin da yake, ta kusa kai tsawon maƙalar kanta.

Zagaye na biyu gyara kaɗan ne. Mujallar ta nemi in ajiye bayanan binciken inda wasu za su iya dubawa, sai na cire sunaye da lambobin waya da sunayen unguwanni, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta fara aiki, kuma tun kafin ita na yi wa matan alkawari. Bayan an karɓa suka turo kwafin ƙarshe in duba cikin kwana biyu. A rataye, wato ƙarin da ke bayan maƙalar, na sa saƙonnin da hirarrakin da Hausa, sai na tarar duk ƙugiyoyin sun zama alamar tambaya. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi alama, na roƙi a gyara, aka gyara. Bayan 'yan makonni maƙalar ta fito da lambarta ta DOI da ake nemo ta da ita a intanet.

Babu ko ɗaya daga cikin matan da suka dangwala min yatsa da za ta iya karanta ta. Saboda haka na taƙaita ta a shafi ɗaya da Hausa, na ɗauka na koma asibitin ranar allura. Mata sun cika rumfa, yara na kuka, Hajiya ta tafa hannu ta ce a saurara. Na karanta musu abin da muka gano, har da kuskuren "ki" ɗin nan. Wata daga baya ta ɗaga murya ta ce in za a sake, a riƙa kira da baki, ko a turo murya, kuma a bari sai bayan magariba lokacin da maza suke gida. Na rubuta a bayan takardar.

Da aka watse na nuna wa Hajiya sunanta a sashen godiya. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, ta ce, "Allah shi yi albarka, ɗiyata." Sannan ta jawo babban littafin, ta ɗauko rula da biro, ta ja sabon layi daga sama har ƙasa kusa da inda ake rubuta lambar waya. A kansa ta rubuta: ta wa ce.